Turmin da Ba Shi da Kati

Turmi arba'in da uku ne jere a ɗakin 'yan aji biyu. Hatsue Tabuchi ta ƙirga su jiya, ta sake ƙirgawa da safen nan, kamar wani a cikinsu zai tausaya mata ya gudu. Babu wanda ya motsa.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana riƙe da gidan adana kayan gargajiya na garin Kurotani, idan har za a kira tsohuwar firamaren da yara suka ƙare a cikinta gidan adana wani abu. Duk gidan da aka yi rasuwa, ko 'ya'ya suka kwashi tsohuwarsu suka yi birni, sai ka ga ƙaramar mota a ƙofa. A sauke masaƙa, a sauke rigar ruwa ta ciyawa, a mirgino turmin dakan moci, tuwon shinkafar sabuwar shekara. Mai kayan ya rusuna, ita ma ta rusuna. To wa zai dubi mutumin da ya rusuna masa da turmin kakarsa ya ce ba ya so? Ba a Kurotani ba dai. Haka ta yi ta karɓa har azuzuwa shida suka cika maƙil, kaya suka gangaro baranda, suka hau matakala.

Yanzu rufi na yoyo, hukumar gari ta ce za a rushe ginin a watan Afrilu. An ba ta ɗaki guda a bayan ɗakin karatu, kuma turmi biyar kawai zai ɗauka. Sauran, wanda iyalinsa ke so su zo su kwashi abinsu. Wanda aka bari, malamin haikali zai yi masa addu'ar sallama, a gode masa, a ƙone. Wasiƙa talatin da takwas ta aika, ba a zo ɗaukar ko ɗaya ba. Wa zai hau bene a Osaka da kututturen da sai ƙarti uku ke ɗagawa?

Dokar zaɓen kuwa, da hannunta ta rubuta ta, majalisar gari ta buga mata hatimi. Turmin da za a ajiye sai mai kati, katin da aka cike ranar da aka karɓe shi: na wane gida ne, wa ya sassaƙa, wa ya yi daka a ciki. Katin da aka rubuta yau ba ya aiki, in ba haka ba kowa zai tashi da nasa labarin. Da ta zazzage akwatin katuna, huɗu ta samu cikakku. Huɗu rak! Sauran duk "gobe zan rubuta" ne, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin sai kanta.

Makon jiya tsoho Genzo Mitarai, maƙwabcinsu na dā, ya sa motar gidan tsofaffi ta kawo shi. Shekararsa tamanin da huɗu, da sanda, da kwalin alewar wake da ya kawo mata tsaraba.

"Hatsu, 'yar nan, an ce wuri ɗaya ya rage," in ji shi. "Ɗauko biro. Ni nan kati ne mai tafiya da ƙafa uku. Kakana ya sassaƙa namu shekarar da ruwa ya cinye gada."

"Baba, ka yi haƙuri. Katin yau ba ya aiki."

"Lokacin da na kawo shi ai na zauna a kujerar can na faɗa miki komai. Har shayi kika ba ni."

"Haka ne, Baba."

"Shayin kika rubuta ke nan?"

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tebur. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya tura mata kwalin alewar, ya rusuna iyakar yadda bayansa ya yarda, ya fita. Da zagin ta ya yi da ta fi jin sauƙi. Gidaje bakwai ta mayar haka, kowanne da tsarabarsa, har ta daina iya kallon alewar wake.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba yana can lungu, kusa da allo. Turmin gidansu ne, mai ɓantare a baki. Ita ta kawo shi da kanta bayan rasuwar mahaifiyarta, da aka sayar da gidan. Wa ke zama ya rubuta wa kansa labarin uwarsa a kati? Ai a kanta yake. Wasiƙa ta talatin da tara ba ta rubuta ta ba, don ita za a aika wa. Ɗaukarsa kuwa ba magana: ƙarshen Maris za ta ajiye aiki ta koma wurin 'yarta, ɗakin da za a ba ta shimfiɗa ɗaya ce ta cika shi.

Tana tsaye da jan zare a hannu, wanda take ɗaura wa na ƙonawa, Ogiwara ya shigo yana kaɗe dusar ƙanƙara daga kafaɗa. Shi ne ma'aikacin hukuma da aka ɗora wa rushe ginin, mutum mai tumbi da son barkwanci.

"Malama, har yanzu? Ni fa na ɗauka kin gama yi wa amaren ado."

"Saura ɗaya."

"Na san shi. Duk garin nan wa bai ci mocin gidanku ba?" Ya leƙa baranda, ya rage murya, ya zaro wani abu daga aljihu. Kati ne da babu rubutu, daga tsofaffin nan da suka yi rawaya, har da tabon ruwa a gefe. "A bayan durowa na tsinto shi. Duk katunan gidan nan rubutunki ne. Ki sa tsohon kwanan wata, shi ke nan. Ni ban ga komai ba, idona ma ba shi da kyau."

"Ogiwara, ka rufa mini asiri."

"Asirin nake rufa miki! Wuri na biyar fa a banza zai zauna. In kin ƙi, tukunyar kashe gobara za su ajiye a wurin, sai yara su zo kallon ta."

Ya ajiye katin a bakin turmin ya tafi auna tagogi.

Ta ɗauka. Gaskiya ta ɗauka, har ta cire murfin biro. Ta gaji, gajiyar da ba ta barci ba ce, ga gwiwa na ciwo, ga sanyin ajin na shiga ƙashi. Ta shafa ɓantaren da babban yatsa. Tana 'yar shekara tara aka yi shi. Babanta na sara da taɓarya mai kai kamar guduma, mahaifiyarta na durƙushe tana juya tuwon da jiƙaƙƙen hannu tsakanin sara da sara. Santsi ya kwashi ƙafar mahaifiyar, hannunta ya tsaya a ciki, baban ya karkatar da taɓaryar ta sauka a bakin turmi. Ya yi kwana uku kafaɗa ba ta ɗaguwa, uwar kuwa ta yi shekara arba'in tana tsokanar sa da cewa turmi ya daka maimakon shinkafa. Layi biyar zai isa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, sai kwanan wata.

Sai ta tuna bayan Genzo yana ƙoƙarin rusunawa. Ta mayar da murfin biron. Ta zagaya turmin da jan zare, ta ƙulle.

Ranar ƙonawa, da hantsi, an jera su a filin wasan makarantar bisa itace. Malamin haikali ya gyara riga, ya kunna turare. Mutane ba su kai goma ba. Can sai ga motar gidan tsofaffi. Genzo ya sauko, bai gaishe da kowa ba, ya bi jerin yana ƙwanƙwasa kowane turmi da sandarsa. Ya wuce nasa bai tsaya ba. A gaban mai ɓantare ya ja birki.

"Wannan ba na uwarki Kinu ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"An ce wuri ɗaya ya rage."

"Yana nan."

Ya yi tsaki. "Taurin kai irin na ubanki. Ni fa abin da ya kawo ni ke nan. Da ban gan shi a nan ba, da na rusuna miki na koma, ba zan ce uffan ba, amma da ke da ni sai a lahira." Ya goge hanci da bayan hannu. "Yanzu kuma da na gan shi, haushi ya fi kama ni. Ina wurin ranar da ya ɓantare. Ni na riƙe wa ubanki kafaɗa yana ihu kamar akuya."

Dariya ta kufce mata, ta biyo da hawaye, ta bar su suna zuba.

Aka sa wuta. Tsohon katako ba ya gardama. Suka zauna a benci su biyu, ta laluba aljihun rigar sanyi neman hankici, sai ta ci karo da katin nan mai rawaya. Ta raba shi gida biyu da farce.

"Baba, faɗa mini. Shekarar da ruwa ya cinye gada."

"Na ɗauka katin yau ba ya aiki."

"Ba ya aiki. Faɗa dai."

Ya faɗa, ta rubuta, ta sa kwanan watan ranar. Sannan ta ɗora ɗaya rabin a gwiwa. Ba ta ɗaga kai ta dubi wutar ba, don ta san a wane gefe yake. A layin farko ta rubuta Kinu Tabuchi, a hankali, yadda ake koya wa 'yan aji biyu. Sunaye sun fi dubu da suka bi ta hannunta a gidan nan, na uwarta bai taɓa bi ba sai yau.