Ƙafar Orville a Ɗakin Baƙi

…shi ne, babu wani. Wanda ya ƙwace mata makullan kwamfuta shi zai gutsure ƙafar tsohon nan, ko da bai taɓa riƙe wuƙa ba. Ba ta san sunansa ba, ba ta san kalar fuskarsa ba. Wani ɗan gayu ne can kudu, a kamfanin da aka ɗauko haya don ya «tsare» musu kwamfutoci, yana zaune yana kaɗa ƙafa a garin da ko ƙanƙara ba ta sauka. Amma shi ne. A faɗa masa Marlys ce ta ce.

Tana zaune a akurkin da suke kira ofishinta, bayan ɗakin ajiye bandeji na asibitin garin. Kofi ya huce. Rana ta raba, amma ta taga sama ta yi toka-toka, ƙanƙara ta fara zuba gefe-gefe. A allon gabanta ga sunan Jolene nan, ma'aikaciyar jinya mai bi gida-gida, kusa da shi an rubuta: ta katse. Ba fita ta yi ba. Katsewa.

Sau nawa? Sau nawa za ta faɗa musu? Kowacce tana da ɗakinta a cikin uwar garke, wato babban injin ofis, furofayil ɗinta ke nan, can kayanta suke, can takardun marasa lafiyarta suke, ita kuwa kwamfutar da take yawo da ita a mota taga ce kawai da ake leƙawa. In kin gama ki fita, ki ja ƙofa. Danna «fita». Ko akuya aka koya wa za ta iya. A'a, su sai dai su kife murfi, ɓam, su jefa a kujerar baya su tada mota. Jiya ma haka Jolene ta yi, ƙofar ɗakinta ta cije da makulli a ciki. Yau da ta zo shiga, injin ya ga ƙofa a garƙame, ya tura ta ɗakin baƙi. Ɗakin aro. Kana fita ana share shi ƙal, ko tsinke ba a bari…

«Marlys, ƙawalliya, don Allah kar ki yi faɗa—»

«In kika fara da haka, kin riga kin yi ɓarna. Me kika fasa?»

Ɗazu ke nan, da Jolene ta kira da wayar gidan tsoho Orville, don a wannan kwarin wayar hannu dutse ce. Wai allonta ya zama baƙo, hoton karenta ya ɓace, ba ta ga jakar marasa lafiya ba, shi ne ta zuba hotunan ƙafar a kan allon kawai. Ta goge su daga wayarta, ai doka ce. Ta naɗe ƙafar. «Ki tura wa Likita Sandvik, ke ce gwanar, ni zan kama hanya kafin a rufe titi.»

«Kar ki rufe murf—»

Ɗif.

Orville. Tsohon manomi mai ciwon suga da taurin kan jaki, shi kaɗai da shanunsa a ƙarshen duniya. Ya ce ba zai hau motar asibiti ba sai likita ya gani da idonsa ya kira shi ya faɗa masa, namiji da namiji. Likita ya ce a kawo hoto. Hoto yana ɗakin baƙi. In titi ya rufe yau, sai wani makon, ƙafa kuma ba ta jiran wani makon.

Kuma duk wanda ya katse ya yi awa guda bai dawo ba, injin yana korar sa. Ya share ɗakin.

Wane ɗan banza ya kafa wannan dok—

To. To, ita ce. Sai me? Da ba ta kafa ba, da uwar garken ta shaƙe ta mutu tun bara, da sunaye rataye a jikinta kamar kaska. Kar wanda ya zo mata da zancen tsuntsun da ya ja ruwa. Da makullanta na hannunta, da tuni ta ɗage dokar da yatsa ɗaya. Ko ta zagaya ta baya, ta shiga jakar wucin-gadin, ta kwaso hotunan, kafin a ƙifta ido. Aikin da ta yi ya fi a ƙirga. Ba wanda ya koya mata. Mai amsa waya aka ɗauke ta, ranar da injin farko ya ƙone kowa ya tsaya yana kallon kowa, ita ta durƙusa ƙarƙashin tebur da tocila a baki. Babu digiri, babu satifiket, sai ƙonewar yatsa da zagi…

Duane, manaja, da murmushinsa na mai tallan mota. «Marlys, uwar ɗakina, ba raini ba ne. Masu bincike ne suka ce mutum ɗaya bai kamata ya riƙe komai ba. Za ki riƙa gani, su kuma su riƙa taɓawa.»

Gani. An bar mata ido an sare hannu. Kamar a ɗaure mutum a bakin rijiya yana kallon yaro na nutsewa, a ce masa ya cike takardar neman guga.

Ta cike. Tikiti, inji su. Ta zaɓi «gaggawa», ta rubuta da manyan baƙaƙe. Amsa ta dawo nan take, ta inji: sun gode, buƙatarta na da muhimmanci a gare su, wani zai tuntuɓe ta kafin ƙarshen ranar aiki ta gobe. Ta gobe! Ta kira, an sa mata kiɗa. Kiɗan yana nan yana fita daga wayar tebur, wani goge-goge mai sa ciwon haƙori. Ta kira Jolene, ba sabis. Ta kira Duane, yana taro. Kullum yana taro. Ranar da za a binne shi ma taro zai hana shi zuwa.

Sunan yana nan. Ta katse. Hannun agogo yana tafiya…

Akwai hanya. Kar ta yi wa kanta ƙarya, tun ɗazu ta san akwai. In aka shiga da sunan Jolene, injin zai ɗauka ita ce ta dawo, ya mayar da mutum ɗakin da ta baro, kaya a inda suke. Kalmar sirri? Hm. Waɗannan matan suna da sirri ne? Suna kiran ta suna karanto mata shi tun kafin ta tambaya, tana ihu tana toshe kunne. Sunan karen ne, Biskit, da shekarar da aka haifi 'yarta. Duk garin nan wanda ya taɓa shan kofi da Jolene zai iya cankowa.

Wanda ya shiga da sunan wani, a ranar zai tattara komatsansa. Sirrin marasa lafiya ne, ba wasa. Ga sanarwar can manne a bango, da hannunta ta manna, har da jan layi a ƙarƙashi. Ba su kori yarinyar nan ta wajen karɓar baƙi a kan abin da bai kai wannan ba? Da kwali a hannu ta fita, tana kuka a filin ajiye motoci.

Curt, mijinta. Ƙwayoyin zuciyarsa jere a kan firji, fari, ja, mai ruwan ƙasa. Inshorar aikinta ce ke ɗauke da su. «Ki riƙa haɗiye bakin nan naki, tsohuwa, saura kaɗan mu huta.» Shi da ko kare ya yi masa haushi sai ya ba shi haƙuri. Wa zai ɗauki mace mai furfura da ba takarda, a garin da fitilar kan titi ba ta kai yatsun hannu ba?

Gaba kura, baya sayaki. Shi kuma ɗan gayun yana can yana cin abincin rana.

Orville ma wane ne a wajenta? Sau ɗaya ta taɓa ganin sa, a kasuwar baje kolin shanu, ya taka mata ƙafa bai ce sannu ba. Tsohon banza. Da ya ji magana tun farko… da Jolene ta danna abu ɗaya tak… da Duane yana da ƙashin baya… da, da, da. Da-na-sani ƙeya ce.

Yatsunta ba su jira ta gama ba. B, i, s…

Allon ya yi duhu. Zobe yana juyawa. In ya jefa ta wani sabon ɗakin fa? Ta zubar da aikinta a banza, ga rashin tsuntsu ga rashin tarko…

Ya buɗe. Allo fayau, ba kare, ba komai, sai hotuna a kusurwa, a tsugune kamar marayu. Ba za ta buɗe ba, ba hurumint— ta buɗe. Wayyo. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin kamar an tsoma a kwalta, wani jan layi ya kama hanya ya haye idon sawu. Shi ne yake cewa sai namiji da namiji? Shashasha. Tsohon shashasha.

Ta tura wa Sandvik. Saƙo ya tafi. Ta danna «fita» — a gani, haka ake yi, haka! — sunan Jolene ya ɓace daga allo, ɗakin ya sharu.

Ta jingina da kujera. Ko likitan zai duba yanzu, ko motar za ta wuce kafin titi ya toshe, ko tsohon zai yarda… ba ta sani ba. Babu mai gaya wa matar bayan ɗakin bandeji irin wannan.

Kiɗan ya tsaya. Layi na biyu yana ƙyalli, lambar kudu ce. A allo saƙo ya faɗo, ba na inji ba, na mutum, da sa hannu: an ga shiga mai alamar tambaya da sunan wata ma'aikaciya daga cikin ofis, alhali tana kan hanya. A tuntuɓe su cikin gaggawa. An sanar da manaja.

Gaggawa. Ashe sun san kalmar. Ashe akwai mutum a can, da ido, da hannu, yana zaune tun ɗazu. Ƙafa na ruɓewa bai motsa ba, an taɓa ƙofa ya zabura.

Wayar tana ta ƙara. Ta gaji, har cikin ƙashi. Ba ta ɗauka ba tukuna.

Ta ce shi ne. Kai da kake zaune kana jin labarin nan da ƙafafunka biyu lafiya lau, in ka isa, buɗe baki ka ce ba shi ba ne.