Yakuwar Malam Bukari

Malam Bukari, mutumin Damagaram, ya ajiye aikin sito a Vénissieux kusa da Lyon, ƙafarsa lau, cinsa lau. Ranar da suka kai wani abokinsa makwanci ne ya ji cewa a Faransa kabari ma hayarsa ake yi. Biron magajin gari, wato ofishinsa, ke ba da wurin na wasu shekaru, in wa'adi ya cika dangi su sabunta. Kuma doka ta ɗora wa dangin kula da shi, in suka bar shi ya zama kufai, gari na iya karɓe abinsa.

Ya kira ƴarsa Zuwaira da ke aikin lauya a Paris, ta tabbatar masa haka abin yake. Bai yi shawara da kowa ba, ya je ya kama wuri na shekara talatin a ɓangaren Musulmi, tun yana da rai.

Tun da doka ta ce a kula, sai ya kula. Kullum bayan hantsi ya ɗauki butarsa ya hau bas. Ya cire ciyawa, ya daidaita ƙasa, da ya ga filin yana zaune a banza sai ya shuka yakuwa da irin da aka kawo masa daga gida. Mai gadin maƙabartar ya gaya masa furanni kawai aka yarda da su. Malam Bukari ya ce a yi haƙuri, ita ma tana fure. Da ta yi furen, mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Matarsa, Hajiya Balkisa, ta ce ko ganye ɗaya ba zai shiga tukunyarta ba. Sai ya ƙulla ganyen a leda, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Zuwaira ta yi murna, don a kasuwar Barbès ba ta samun mai tsami haka. Ta yi miya, suka ci suka siɗe hannu, sannan ta tambayi inda ya samo.

Ya faɗa mata. Ta ajiye cokali.

"Ai ba kowa a ciki tukuna," in ji shi. "Mai gidan ga shi nan gabanki."

Ta yi dariya har da ƙwalla, sannan ta ce, "Baba, ka san shekarun nan sun fara ƙirguwa tun ranar da ka biya? Ba sa jiran ka tare."

Wannan ya dame shi ƙwarai. Ya koma Lyon yana mita, wai ana cin hayarsa yana tsaye. Hajiya Balkisa ta ce in asarar ta yi masa ciwo, ba wanda ya tare masa hanya.

Ya auna maganar, ya ce a'a, ba ya gaggawa. Zuwaira ta ɗauki alkawarin sabuntawa in lokaci ya yi. Da bazara ta zagayo, ya ƙara da kuɓewa, amma sanyin Lyon bai gama tafiya ba, ya kashe ta.