Gwangwanin Shayin Umma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya, kuma ko gaida baƙi nauyi yake min. Dakta Samah, likitar asibitin unguwarmu, ce ta matsa min.

Ranar da Yaya Ramzi ya cika kwana arba'in bai sha tiramadol ba, gidanmu a garin Dumyat na ƙasar Masar ya kaure da guɗa. Shi kafinta ne. A da, a wurin biki yake haɗiye ƙwaya uku-uku da abokansa, ya hau babur yana ihu. Ya taɓa afka wa ƙofar maƙwabta. Na haɗa jan sharbat, lemon da muke sha ranar murna, na raba wa layinmu kaf.

"Nawal, sukari kika zuba ko gishiri?" in ji shi.

"Sha ka yi shiru, tsohon mashayi!"

"Ji bakinta! Ashe kina magana?"

Daɗi ya ɗebe ni. Na rantse ba ƙwayar da za ta sake kwana a gidan nan. Na zazzage aljihunansa da akwatinsa, wayam. Sai a gwangwanin shayin Umma na ga kati biyu na ƙwayar. Na ce a raina, ga maɓoyarsa! Na juye su a masai ina waƙa.

*

Bayan kwana biyu Umma ba ta je gidan burodin da ta shekara goma sha takwas tana kwaɓin fulawa ba. Da hantsi na same ta a ƙasa, gumi ya jiƙe rigarta, ƙafafunta na karkarwa.

"Wa ya taɓa min gwangwani?"

"Ni ce, Umma. Kayan Yaya ne."

"Nawa ne, 'yar nan. Maganin ciwon baya. Ɗaya tak nake sha da shayi."

Ramzi ya ɗauke ta cak sai asibitin unguwa. A can Dakta Samah ta zaunar da mu.

"Yayanki nishaɗi yake nema," ta ce min. "Yakan yi sati bai sha ba, da ya rabu da abokai ya tsira. Ummanku kuwa ba maye take nema ba. Shekara shida jikinta ya saba, ba ya tashi sai da ƙwayar. Ba a yanke ta rana ɗaya. Sannu a hankali za mu rage."

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni da nake zagin yaro kullum."

"Haba Umma," in ji Ramzi, "ke ma za mu yi miki guɗa."



*

Da gari ya waye na ɗora ƙwaya ɗaya cikin waɗanda aka ba mu a asibiti a faranti, na raba ta biyu da wuƙar albasa, yadda Dakta ta nuna min. Na dafa shayi na kai mata. Umma ta karɓi rabin ba ta dube ni ba. A kan tebur, ƙudaje sun baibaye sauran sharbat ɗin.