Sifikun Motar Ya'u Mai Inji

Ya'u Mai Inji ya tsufa ne a gaban injin niƙa, a bayan kasuwar Dogon Dutsi. Da 'ya'yansa suka karɓi aikin, sai ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, yana zuwa gona da ita, yana kai gaisuwa wurin surukansa a Tibiri. Ba abin da ya fi so a cikinta kamar rediyo. Amma tun ranar farko ya ce sifikunta sun mutu. Mai karanta labarai yana magana kamar wanda ya cika baki da tuwo, in kuma aka sa goge, dukan ƙwarya kawai yake ji.

Ya kai ƙorafin wurin Ghislain, mai gyaran wutar mota a bakin titin Ƙonni. Ghislain ɗan Laurent ne, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su da Ya'u tun suna samari. Ranar da aka yi wa Ghislain baftisma ma, Ya'u ne ya niƙa geron bikin. Yanzu ga shi magidanci da garejin kansa.

Ghislain ya sa aka aiko masa da sababbin sifiku daga Yamai, irin waɗanda ake rabawa: manya biyu na cikin ƙofa, ƙanana biyu kamar marfin kwalba masu fitar da siririn sauti, da 'yan akwatunan da ke raba murya tsakaninsu. Bai taɓa rediyon da motar ta zo da shi ba. Ya ɓalle murfin ƙofa, ya ciro tsohuwar sifika, ya kamo wayoyin da suka taho daga bayan rediyo ya ɗaura su jikin ɗan akwatin. Daga nan ya ja waya ɗaya zuwa babbar sifika, ɗayar kuma ya lallaɓa ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota har gindin gilashin gaba, inda ya kafa ƙaramar. Ya naɗe kowane haɗi da baƙin salatif, ya koma ɗaya ƙofar ya yi haka. Da ya kunna, direbobin da ke zaune ƙarƙashin dogonyaro suka waiwayo.

Ya'u ya kara kunne a gindin gilashi.

"Manyan dai suna yi. Ƙananan fa?"

"Suna yi, Baba."

Ya'u ya tafi da motar, amma ransa bai kwanta ba. Bayan kwana biyu ya dawo. Ghislain ya sake buɗe ƙofofin, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya ce komai daidai ne. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa.

Ranar kasuwa Ya'u ya sake zuwa, garejin cike da direbobi da 'yan kabu-kabu. Ya murɗa rediyo har ƙarshe, ya fito ya bar ƙofa a buɗe.

"Jama'a, ku zo ku ji! Gwangwani ya liƙa mini a mota yana cewa sifika. Don ka ga na tsufa, Ghislain? Ni da na ɗauke ka kana cikin zanen goyo, ni za ka ci wa amana?"

Ghislain ya sunkuyar da kai, yana murza wani guntun waya a hannu.

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ba wanda ya ce uffan. Ya'u ya ɗauka shirun nan shaida ce a gare shi. Ya ja motarsa ya tafi, kuma daga ranar Laurent ya daina fitowa hirar la'asar a ƙofar gida.

Sati ya zagayo, Ya'u ya ɗauki matarsa Altine za su suna a Tibiri. An yi ruwa da asuba, gero ya kai ƙugu a gefen hanya. Yana tuƙi yana ƙara murya, yana nuna mata ƙananan sifikun da haɓa.

"Kin gani? Ko tari ba su yi."

Altine ta toshe kunne da gefen mayafinta. Can ta dafa masa hannu.

"Malam, tsaya. Kashe motar ga."

Ya tsaya a gefen wata gona, ya kashe. Ta sauke gilashi, ta juyo ta dube shi sosai, ta yi magana a hankali, baki buɗe, yadda ta saba yi masa.

"Mi kake ji yanzu?"

"Ba komai. Iska."

"Gyare na kuka a gonar ga kamar za su tsaga kunne. Ga tsuntsayen buwa can bisa icce suna ta surutu."

Ya'u ya ga tsuntsayen. Ya ga bakunansu suna motsi. Ya tsaya yana jira sautin ya iso, bai iso ba.

"Ƙananan nan da kake zagi," in ji Altine, "tun daga gida suke huda mini kai. Inji ya ci kunnenka, Malam. An daɗe."

"An daɗe?"

"Yara sun sani. In za su yi maka magana sai sun zagayo gabanka. Ni na hana a faɗa maka, don na san halinka."

"Ghislain fa?"

"Ya zo gida bayan zuwanka na biyu. Ya ce shi bakinsa ba ya iya gaya wa uba irin wannan, ko ni zan gaya maka. Ni kuma na yi ta jan ƙafa."

Ya'u ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Fuskokin mutanen gareji suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Dukansu suna jin abin da ke fita daga motar ranar, suna kallon dattijo yana rantsuwa a kan babu. 

A gidan suna bai ci komai ba. Ya zauna can ƙarshen tabarma, duk wanda ya ɗaga murya wajen gaishe shi sai ya ji kamar an cire masa hula.

Washegari bai ɗauki mota ba, da ƙafa ya tafi garejin. Ya wuce shi har gidan mai, ya tsaya kamar mai jiran wani, sannan ya juyo. Ghislain yana kwance ƙarƙashin wata motar haya, ya fito yana goge hannu. Ya'u bai ja shi gefe ba.

"A nan na zage ka, a nan zan faɗa. Aikinka lafiya lau yake. Ni ne ba ni ji." Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi, har mai shayi na tsallake ya ɗago. "Ka yafe mini."

Ghislain ya durƙusa.

"Wallahi Baba, ya wuce. In ka yarda, akwai likitan kunne a Dosso, ni zan tuƙa ka."

Ya'u ya gyaɗa kai, ya kasa haɗa ido da shi.

Na Laurent ya fi wuya. Da la'asar Ya'u ya yi sallama a gidansa, ya tarar da shi yana gyaran igiyar akuya. Laurent ya amsa a taƙaice, ya ci gaba da abin da yake yi. Ya'u ya zauna a kan benci ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kallon ƙasa. Laurent ya gama ƙulla igiyar, ya ja ta ya ga ta yi ƙarfi. Ya ce wani abu da Ya'u bai kama ba.

"Mi ka ce?"

Laurent ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki kujerarsa ya dawo da ita dab da shi.

"Na ce yaron ya kwana biyu bai ci abinci ba. Uwargida Colette tana dama fura, ka tsaya ka sha."