Inda Rifkatu Take Kwance

Inna Hure ta bar gari ranar wata Laraba, a bayan babur ɗin jikanta, da ƙunshin kayanta a cinya. Ƙafafunta sun kumbura, ido ya fara hazo, 'yarta da ke aure a Zariya kuma ta ce ba za ta bar ta ta mutu ita kaɗai a ƙauye ba. Da babur ɗin ya sha kwana ya kama hanyar Kunci, Fasto Istifanus Nomau ya juya ya dubi cocinsa. Ba shi da sauran mai bi ko ɗaya a Gidan Arzika.

Da can ba haka wurin yake ba. Lokacin da ya dawo daga makarantar Baibul, saurayi mai murya kamar an sa masa lasifika a ƙirji, gidajen Maguzawan yankin ne suka cika masa benci. Ran Lahadi matan zumuntar coci na buga tulu suna waƙa har a jiyo su a bakin rafi. Sai samari suka fara tafiya Kano da Kaduna neman abin yi, suka kwashe matansu. Wasu gidajen suka musulunta, tsofaffi kuma mutuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ma yana Kaduna, kullum a waya maganar ɗaya ce, Baba ka taho, Baba me kake tsaro a can.

Fasto mutum ne mai rubutu. Ya buga 'yan ƙananan littattafai da Hausa, masu bangon kwali, waɗanda yawancinsu suna nan a ƙarƙashin gadonsa gara tana karantawa. Duk wanda ya san shi ya san abu biyu da ya kafe a kai, don ya rubuta su, ya yi wa'azinsu, ya yi faɗa da mutane a kansu. Na farko, ikilisiya taron masu bi ce, ba gini ba, kuma mutum ɗaya ba taro ba ne, sai an kai biyu ko uku. Na biyu, kabari ba komai ba ne. Wanda ya mutu cikin Almasihu yana wurin Ubangijinsa, jikin da aka binne iri ne da ke jiran ranar tashi, mai zaman gadin kabari kuwa bai gama rabuwa da tsafin kakanninsa ba. A kan wannan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Lokacin da mijin Inna Hure ya rasu ta jera duwatsu a kan kabarinsa, Fasto ya tsaya a kanta tana kuka sai da ta kwashe su da hannunta.

Da tasa matar, Rifkatu, ta rasu, mutane suka zuba ido su ga ko wanzami zai yarda da jarfa. Ya yarda. Aka binne ta a filin bayan coci, bai sa dutse ba, bai kafa gicciye ba, bai sake tara ƙasa ba. Damuna ta yi ta zuwa tana baje tudun, yara suka yi ta ƙwallo a kai, har wurin ya zama ɗaya da sauran fili. Sai dai tun daga lokacin ya ɗauki wata al'ada. Kullum da hantsi zai fito da kujerarsa ta roba ya dasa ta a bayan coci ya yi rubutu a cinya. In an tambaye shi sai ya ce inuwar darbejiya yake bi. Abin mamaki, inuwar tana matsawa da rana, kujerar ba ta matsawa.

To filin nan ba nasa ba ne, ba kuma na coci ba ne. Malam Yahya, maƙwabcinsu Musulmi, shi ya ba da aronsa tun Fasto bai yi furfura ba, da baki kawai, a gaban mai unguwa. Ya ce muddin ana sujada a kai, naku ne, ran da aka daina ya koma gona. Malam Yahya ya daɗe da rasuwa, gidan yana hannun ɗansa Sama'ilu, wanda yake noma wata 'yar gona da ba ta kai shi da iyalinsa watan azumi ba tare da awo ba. A wannan yanki ba a barin ƙasa ta huta. Gona tana manne da gona, gamba ce kawai a tsakani, har bakin danga mutane suke shuka.

Lahadin farko bayan tafiyar Inna Hure, Fasto ya yi wanka ya sa farar rigarsa. Ya je gindin darbejiya inda tsohon ƙarfen tayar babbar mota yake rataye, wanda shi ne ƙararrawarsu, ya buga shi kamar yadda ya saba. Ya shiga ya tsaya a bagade. Benci bakwai suna kallonsa, wata kaza ta leƙo ta fita. Ya ɗaga waƙa, muryarsa ta bugi kwano ta dawo masa, ya kasa kai baiti na biyu. Kaɗaici ya rufe shi, irin wanda bai ji ba ko ranar jana'izar Rifkatu, don ran nan akwai mutane. Ya zauna a bencin mata, inda take zama, ya yi addu'arsa a hankali.

Ya san abin da ya yi. Ya buga ƙarfe ne don Sama'ilu ya ji, ba don yana kiran wani ba. In ya ci gaba da bugawa duk Lahadi babu mai ce masa kanzil, fili zai zauna a hannunsa, kujerarsa za ta zauna inda take. Amma shi ne ya rubuta cewa mutum ɗaya ba taro ba ne, kuma shi ba ya cikin masu rubuta abu su kwana su manta. Bazara ta yi nisa, jakuna suna ta kai taki gonaki, hadari ya fara leƙowa daga gabas. In za a mayar da fili, kafin ruwan shuka ne.

Ya sami Sama'ilu a ƙofar gida yana ɗaure wa sungumi ƙota. Suka gaisa, Sama'ilu ya shimfiɗa masa buhu.

"Na zo in mayar maka da filin mahaifinka," in ji Fasto.

Sama'ilu bai ɗago ba. "Baba Fasto, ai shekaranjiya na ji ƙarfenka."

"Ka ji ƙarfe, ba ka ji sujada ba. Ni kaɗai ne a ciki."

"To kai ba mutum ba ne? Ka ci gaba da bugun abinka, wa ya tambaye ka? Wallahi ni ban aiko kowa ba."

"Na san ba ka aiko ba. Amma da Malam muka yi magana, ba da kai ba, kuma abin da ya faɗa ya cika. In na ci gaba da bugawa ƙarya nake yi wa mamaci, ina kuma cin hatsin 'ya'yanka."

Sama'ilu ya ajiye sungumin. Yana son filin, ba zai yi ƙaryar ba ya so ba, amma wannan tsohon shi ya kai uwarsa asibiti a kan keke shekarar da aka yi amai da gudawa. Ya ce ɗakin da Fasto yake kwana da ginin cocin ba zai taɓa su ba. Sannan ya share gumi.

"Sai maganar Mama Rifkatu. Lokacin ina ci-rani a Legas, ban ga inda aka sa ta ba. Ka nuna mini wurin in kewaye."

"Babu abin kewayewa."

"Baba Fasto."

"Rifkatu ba ta nan, Sama'ilu. Tana wurin Ubangijinta. Abin da ke cikin ƙasa ƙasa ce. Haka na gaya wa Hure a kan mijinta, haka na gaya wa kowa. Yau don abin ya zo kaina sai in canza baki?"

"Ku da littafinku kun fi ni sani. Ni dai a wurinmu ba a noma kan mutum."

"To a wurinmu ba a gadin rami."

Nan ran Sama'ilu ya ɓaci. Bayan coci shi ne filin, in ya bar shi duka ai bai karɓi komai ba, in ya nome shi duka kuma ba zai iya barci ba. Ya ce, "Taurin kanka ya fi ƙarfen nan naka. Shi ke nan. Ranar shuka ka fito. Zan sara, in na doshi wurin ka yi magana. In ka yi shiru, alhakin yana wuyanka, ni Allah ya gani."

Fasto ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce ba zai yi magana ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Lahadi ta zo, ya kwance ƙarfen daga darbejiya ya jingine shi a cikin coci. Ya yi addu'arsa a ɗaki, ya dama kunu ya sha shi kaɗai. Ya ɗauko littafinsa na kan tashin matattu ya karanta daga farko zuwa ƙarshe yana neman inda ya yi kuskure, bai samu ba. Har yanzu ya yarda da kowane layi. Ya kira ɗansa ya gaya masa ya mayar da fili, ɗan ya yi murna ya ce to yanzu sai tahowa, bai ko tambayi kabarin uwarsa ba. Fasto ya so ya ji haushi, sai ya tuna wanda ya koya wa yaron haka. Da hantsi dai kujera tana fitowa, amma rubutu ya ƙi zuwa. Sai ya zauna ya riƙa ba ƙasa labari ƙasa-ƙasa, cewa Hure ta tafi, gwiwarsa ta dama ta matsa masa, akuyar nan mai taurin kai ta haihu biyu.

Ruwa ya sauka da asubar wata Asabar, mai ƙarfi, irin wanda manomi ke tona ƙasa da yatsa ya ga laima ta haɗu. Gari na wayewa kowa ya fita. Sama'ilu ya zo da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar irin gero. Kujerar roba ba ta nan, Fasto ya shigar da ita tun jiya. Yana tsaye a bakin fili ya naɗe ƙafar wando.

"Kawo ƙwaryar," ya ce. "Ni ma ɗan manomi ne."

Suka fara daga gefen gamba. Sama'ilu yana gaba yana sara rami, taku ɗaya sara ɗaya, Fasto yana biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ƙasa tana ƙamshi. Daga gonakin kusa ana jiyo mata da yara suna kiran juna, kowane gida da mutanensa. Su biyu suka kai ƙarshen layi suka juyo, suka sake kaiwa suka sake juyowa, kowane layi yana matsowa kusa da darbejiya.

Fasto ya fara karanto wa kansa abin da ya rubuta. Iri ne, ƙasa ce, ba ta nan. Gero ya soma zuba fiye da ƙima a rami. Ya tuna ranar da suka zo garin nan, Rifkatu da tukunya a ka, tana cewa wannan ƙauyen ko kare ba zai zauna ba, ta kuma zauna har ta mutu. Ita ce take karanta rubutunsa kafin kowa, ita kaɗai take iya ce masa wannan shafin faɗa ne ba wa'azi ba. Ya tuna Hure a durƙushe tana kwashe duwatsu, ya ji kunya ta kama shi, ga shi kuma Zariya da nisa.

Sama'ilu ya shigo layin da ya bi ta gefen inuwa. Duk Gidan Arzika babu wanda bai san inda kujerar roba take zama ba, kuma ƙafafunta huɗu sun bar 'yan ramuka da ruwan asuba ya cika. Ya rage sauri. Ya sara, ya tsaya ya gyara riƙo. Ya sake sara, ya yi tari. Bai waiwayo ba. Ya ɗaga sungumin sama, bakin ƙarfen yana saitin wurin, ya riƙe shi a can.

"Tsaya," in ji Fasto.

Muryar da ake ji har bakin rafi ce, amma da ƙyar ta fito. Sama'ilu ya sauke sungumin a gefe.

Fasto ya ajiye ƙwarya. Ya tako ba tare da ya duba ko'ina ba, ya ja layi a jiƙaƙƙiyar ƙasa da babban yatsan ƙafarsa. "Kanta nan." Ya yi taku uku ya sake ja. "Ƙafafunta nan." Sai ya durƙusa, gwiwar da ke ciwo ta nutse a laka, ya fara tara ƙasa da tafin hannu biyu. Hawaye yana zuba bai share ba. Sama'ilu ya je bakin iyaka ya cizgo gamba da saiwarta, ya dawo ya fara dasawa a kan layin da tsohon ya ja.

Suna cikin haka Sama'ilu ya ce, a hankali, ba da gatse ba, "Baba Fasto, ka ce ba ta nan."

"Ba ta nan," in ji Fasto. "Na san ba ta nan. Ban janye ko kalma ɗaya ba." Ya daddale ƙasar da hannu. "Amma ka kewaye, Sama'ilu. Ba ni da wani wurin zama."

Sama'ilu ya ɗauki sungumi ya kewaye, ya ci gaba da sara daga ɗaya gefen. Da ya kai ƙarshen layi ya waiwayo, babu mai binsa da iri, sai ya koma ya ɗauki ƙwaryar da kansa.