Giram Ɗari Huɗu

"Cire takalmin," in ji Mai Sikeli, ko ɗago kai bai yi ba.

Babbar ma'aikaciyar jirgin saman ta cire, ta sake hawa sikelin. Kilo saba'in da giram ɗari huɗu. Iyakar da kamfani ya yanka wa mata saba'in ce cif. Wadda ta haura, sai ta koma teburin cigiyar kaya, inda ake shan zagi daga safe har yamma a kan rabin albashi. Shekararta sha tara tana tashi sama, ga yara uku a makaranta.

Tun da man jirgi ya yi tsada, manyan kamfanin suka farga cewa komai na duniya yana da nauyi. Suka kwashe mujallu, suka rage ruwan banɗaki, suka kankare fentin jikin jirgi. Cokali ya rame har yana lanƙwashewa a cikin shayi. Da abin cirewa ya ƙare, sai suka juyo kan ma'aikata.

"Yallaɓai, sati biyu ke nan ruwan zafi da lemon tsami nake sha. Ko miƙewa na yi sai jiri ya ɗebe ni."

"Anti, ba ni na kafa dokar ba. Kwamfuta ce ta ce kowane kilo yana shan mai." Ya gyara zama, maɓallin rigarsa yana neman agaji. Shi a ƙasa yake aiki, tumbinsa ba ya shan man kowa. "Minti goma na ba ki."

A banɗaki abokiyar aikinta ta taya ta cire agogo da 'yan kunne da awarwaro. Sai abokiyar ta tsaya tana kallon gashinta.

"Yaya, saura gashin nan fa."

Gashin har gadon baya yake. Mahaifiyarta ce take kitsa shi duk wata, da idon da ya fara raunana, kuma a nan ne kaɗai suke samun yin hira. Zuciyarta ta karye, amma agogon bango bai tsaya ba.

"Ɗauko almakashin akwatin magani," ta ce. "Kar ki bari na kalli madubi."

Saba'in ba giram hamsin. Mai Sikeli ya buga hatimi. "Kin gani? Dama lalaci ne ke damun mutanenmu."

Tana tsaye a ƙofar jirgi tana yi wa fasinjoji murmushi, sai ga manajoji shida sun hawo, a bayansu ƙarti biyu suna nishi da wani ƙaton kofin tagulla. Kyautar da kamfani ya ci ce ta tsimin mai, za a zagaya da ita rassa a ɗauki hoto.

Babban manaja ya yafito ta. "Kujerar gaba, ta jikin taga. Ki ɗaura wa kofin bel da kyau, kilo ashirin ne, kar ya faɗo a kan wani."

"To, ranka ya daɗe."

Ta sunkuya tana jan bel ɗin, sanyin na'ura yana sauka a kan ƙeyarta.