Inda Sauti Yake Tsagewa

Tun da na shigar da motar cikin rumfar jikina ya ba ni akwai abin da zai lalace a ranar. Na ɗauka waya ce za ta ƙone, ko batir ya mutu. Ban kawo ɗana a raina ba.

Shi ne babba a gidana. Ƙannensa suna ce masa Injiniya, har sunan ya bi shi wurin aiki. Kayan sauti yake haɗa wa motoci a wata rumfar kwano da ke bayan masu faci, inda kiɗa ba ya yankewa daga safe har yamma. Ya daɗe yana damuna in kawo tsohuwar motata, wai abin kunya ne uban mai gyaran sauti yana yawo da rediyo mai tari.

"Baba, zauna a kujerarka," in ji shi. "Yau kai ne babban baƙo."

Ya riga ya ɗaure amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ƙarƙashin kujerar gefena. Sai ya ɗauko wasu ƙananan sifikoki guda biyu, ba su fi murfin kwalba ba sosai. Tiwita suke ce musu, su ne ke fitar da siririn sauti. Bai huda ko'ina ba tukuna. Da salatif ya manna su a jikin ƙofofi, ya kunna wata waƙa mai sanyi, mace ce ke rerawa.

"Rufe idonka. Ina mai waƙar take?"

"Tana nan kusa da gwiwata."

"To bari mu ɗauke ta daga nan kafin Mama ta samu labari."

Na ce masa ba shi da kunya. Yana dariya ya cire su, ya mayar da su kusurwoyin gaba, kusa da gilashi. Muryar ta taso ta zauna a kan sitiyari. Ya sake ɗaga su zuwa ginshiƙan da ke riƙe da gilashin, ya ɗan karkata fuskarsu wajen madubin tsakiya, yana matsar da ta hagu kaɗan kaɗan don ta fi kusa da ni.

Sai na daina sanin inda sifikokin suke. Muryar ta fita daga motar, ta tsaya can gaba a tsakiyar gilashi, kamar mutum yana zaune a kan bonet yana kallona. Rana ta dumama kwanon rumfar, idona a rufe, na ji kamar motar ta zame daga ƙasa tana tafiya a kan ruwa ba direba. Na tuna shi yana jariri, kwance a ƙirjina. Ko makulli ne ya motsa a aljihuna sai ya buɗe ido. Uwarsa takan ce wannan yaro zai iya jin tafiyar tururuwa.

"Saura ƙarfi," ya ce.

Ya zagaya ya durƙusa a ƙofar gefena, ya zura kai ƙarƙashin kujera da ƙaramin sukundireba. Ya nuna mini ɗan abin murɗawa a jikin amfilifayar.

"Mutane suna ɗauka don kiɗa ya girgiza unguwa aka yi shi. Daidaitawa ce kawai. Zan mayar da shi ƙasa, in ɗaga rediyo ya kusa ƙarshe, sannan in riƙa murɗawa a hankali. Da zarar sauti ya fara tsagewa sai in ja baya. Nan ne iyakarsa."

Ya fara. Waƙar ta cika motar, ta hau ƙirjina. Can sai na ji muryar ta fara yin kaushi a gefe-gefe, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Na jira ya ja baya. Bai ja ba. Na ce a raina wataƙila ya san abin da yake yi, aikinsa ne. Ya ƙara murɗawa. Yanzu kam har haƙorana suna amsawa, mai facin da ke maƙwabtaka da su ma ya ɗago kai.

"Injiniya, ya tsage."

Bai motsa ba. Ina ganin gefen fuskarsa, a natse, har da ɗan murmushi, yana sauraron wani abu mai kyau da ni ba na ji.

Ƙauri ya tashi. Tiwitar hagu ta yi shiru. Na kashe rediyon, na dafa kafaɗarsa, ya zabura.

"Ba ka ji ba?"

"Me, Baba?"

Ya shaƙi ƙaurin, ya cire tiwitar, yana jujjuya ta a tafin hannu. Ya ce jabu ce, kayan yanzu ba su da ƙarko. Yana maganar amma bakina yake kallo, ba idona ba. A nan abubuwa suka riƙa zuwar mini ɗaya bayan ɗaya. Uwarsa tana kiransa daga kicin yana zaune bai amsa ba, muka ce girman kai ne. Ƙanwarsa tana faɗa da shi kan ƙarar talabijin. Waya kullum a kunnen dama.

Na juya fuskata wajen taga, na kira shi a hankali da sunan da nake kiransa yana ƙarami. Ya ci gaba da kallon tiwitar.

Na juyo na ce, "Tun yaushe?"

Ya ajiye tiwitar a kan kujera.

"An kwana biyu. Kamar gyare ne ya shiga cikin kunnena, ba ya yin shiru. Manyan sauti ina ji. Siraran ne suke ɓace mini." Ya waiga wajen da mai rumfar yake. "Baba, kada Oga ya ji. Wa zai ba kurma motarsa?"

"Kai ba kurma ba ne."

"To me ne ni?"

Na ce ya wanke hannu ya shigo mota. Ya ce akwai aiki, na ce aikin ya jira. Muka tafi ba kiɗa, tiwita ɗaya tana lilo a jikin salatif, shi kuma ya jingina kansa da gilashi yana kallon titi.

Washegari likitar kunne ta saka shi a wani ɗan ɗaki mai kauri, ta ɗora masa abin sauraro, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina tsaye ina kallonsa ta gilashi. Da farko hannun yana tashi da sauri. Daga baya na ga tana danna maɓalli, shi kuma yana zaune yana jira. Ta ce ya nisanci hayaniya na ɗan lokaci, sannan mu dawo a sake gwaji.

Yanzu yana gida, yana gyara wa ƙannensa fitila da fanka. Ban sani ba ko abin da ya rasa zai dawo, kuma ban sani ba ko zai iya komawa rumfar.